Tambaya da Amsa: Sabon injin yankan itace, sai na yi masa ranin?

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Dan Allah ina neman shawara, na sayi sabon injin yankan itace irin mai sarƙa, ko fetur ban zuba masa ba tukuna. Wani abokin aikina yace in cika tanki in kunna shi in ajiye yana silo har man ya ƙare, in yi haka sau uku, wani kuma yace a'a in ninka bakin mai a cikin fetur ɗin kawai in kama aiki. Na daɗe ina tara kuɗin injin nan, wallahi tsoro nake kar in kashe shi da hannuna. Wanne zan bi? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah Ya sanya alheri Ya sa a kashe lafiya. Gaskiya duk su biyun kar ka bi, duk da nasan da kyakkyawar niyya suka faɗa maka.

Abin da ranin ɗin, wato aikin farko da ake yi da sabon inji har ya saba, yake yi shi ne ringin da ke jikin fistin ya goge kansa da bangon silinda har su zauna daram, to shi kuma ringi ba ya zama sai da nauyi, ƙarfin wutar da ke tashi a ciki lokacin da sarƙa ke cin itace shi yake danna ringin a jikin bangon. Injin da ka ajiye yana silo awa da awanni ba abin da yake dannawa, sai dai ya tara maka baƙin dauɗa a filogi da salansa, ka ƙona fetur a banza. Saboda haka ranin ɗin injin nan a cikin itace ake yinsa.

Wanda yake kashe sabon inji shi ne matse totur har ƙarshe alhali sarƙa tana iska ba ta cin komai. Kowa yana son yi in ya sayi sabo, don a ji kukan, amma ka daure. Littafin da kamfanin Stihl yake sakawa a kwali ya hana haka a tanki 3 na farko, kuma yace injin ba ya kaiwa cikakken ƙarfinsa sai an sha tanki 5 zuwa 15. Su Husqvarna da awa suke lissafi, awa 10 na farko kar a daɗe ana ba shi gudu sosai. Kaga kenan in ka ji kamar ba shi da ƙarfin da ka zata a ranar farko ba lalacewa yayi ba, kar kuma ka ɗauki sukundireba ka hau juya sukurorin kafireta masu alamar H da L don ya ƙara kuka, in ka rage masa mai ta nan ka rage bakin man da ke shafa fistin ne, zafi ya yi yawa fistin ya kama, shikenan.

Ranar farko ga yadda zan yi in ni ne. Ka tayar da shi ka bar shi ya ɗumama kamar minti ɗaya ko biyu, sannan ka nemi itace matsakaici, ba jibgegen gungume ba wanda zai haɗiye ƙarfen da sarƙa ke zagayawa a kai gaba ɗaya. Ka ba shi wuta sosai sarƙa ta shiga, kar ka danna da ƙarfin kafaɗa, bar shi ya ja kansa, da ka ga ya kusa fita ta ƙasa ka shirya sakin totur. Ka duba abin da yake zubarwa, in ɓarɓashi ne manya-manya to sarƙa na da kaifi, in gari ne kamar ƙura ka tsaya ka wasa ta. Bayan ka yi yanka mai tsawo kar ka kashe shi nan take, bar shi ya ɗan yi silo iskar fanka ta kwashe zafin tukuna.

Maganar bakin mai kuwa nan nafi so ka saurare ni da kyau, domin injin nan ba shi da wani tankin bakin mai na inji kamar mota, abin da ka haɗa a fetur shi kaɗai ne yake shafa cikinsa. Ma'aunin Stihl da Husqvarna shi ne 50 da 1, wato lita 5 na fetur mililita 100 na man 2T mai kyau, lita 1 kuma mililita 20. In naka wani kamfani ne ka duba littafinsa, akwai masu neman fiye da haka. Ka auna da ma'auni, banda ƙiyasi da ido, ka haɗa a jarka ka girgiza sosai kafin ka zuba, kuma kar ka haɗa wanda zai wuce wata ɗaya a ajiye. Ninkawar da aka ce ka yi hayaƙi kawai zata ƙara maka da toshewar salansa. Bakin man mota kuma ko kusa.

Sai sarƙa, ita ma sabuwa ce fa, kuma tana miƙewa da sauri a kwanakin farko. Duk bayan 'yan yanka ka kashe injin ka duba, in ta fara reto a ƙasan ƙarfen ka ɗaure ta, yadda zata kwanta a jikinsa amma ka iya janta da hannu, da safar hannu dan Allah. In ka ɗaure ta tana da zafi to ka sassauta bayan an tashi aiki, don in ta huce tana tsukewa ta ja ƙarfen cikin inji. Tankin man sarƙa kuma ka cika shi duk lokacin da ka cika na fetur, don ka tabbatar yana fita ka nuna bakin ƙarfen kusa da kututture mai haske ba tare da ya taɓa ba, ka ɗan ba shi wuta kaɗan, ya kamata kaga siririn layin mai ya fantsama a jiki. In baka gani ba kar ka fara yanka.

Kar ka manta ka saki birkin sarƙa kafin ka matsa totur, in ba haka ba kulocin zai ƙone tun yana sabo. Kuma kar ka yi yanka da saman ƙarshen bakin ƙarfen, nan ne yake harbowa baya ya nufo fuska. In ka sha tanki goma sha wani abu ka ji silonsa ya canza, to lokacin ne zaka kai wa makanikin da ya san irinsa ya saita maka kafireta.