Amsa ga ɗana da ke karatu a Fanjab

Ɗana, na ga saƙonka. Ka ce malaminku mabiyin addinin Sikh ne, yana tashi tun ƙarfe huɗu na dare ya yi yoga, wato motsa jiki da sarrafa numfashi irin na Indiya, ya rera waƙa, yanzu kuma ya gayyace ka gidansa da wurin ibadarsu. Kana so ka san ko yogar ma addininsu ce, da yadda za ka yi in ka je.

Fara raba su biyu tukuna. Waƙar ita ce tushe. An haifi Guru Nanak, wanda ya kafa addinin, a 1469 kusa da Lahore, kuma da waƙa ya yi wa'azinsa. Abokin yawonsa mai kaɗa masa rabab, wani kayan kiɗa mai tsirkiya, Musulmi ne, sunansa Mardana. Littafinsu, Guru Granth Sahib, shafi 1430 ne, an jera mafi yawansa bisa karin waƙa 31 da suke kira raga, har baitocin Shehu Farid, Sufin nan na Fanjab, suna ciki. To in ka ji malaminka na rerawa kafin asuba, ba nishaɗi yake ba, wuridinsa ne. Rerawar suna ce mata kirtan, lokacin kuma amrit vela. Ka je Amritsar, inda babban wurin ibadarsu yake, wata rana, za ka ji ana yi tun duhun asuba har dare.

Yoga kuwa ta girme wa addinin nesa ba kusa ba. Guru Nanak ma ya yi muhawara da 'yan yogar zamaninsa, bai yarda mutum ya bar iyali ya shige duwatsu ba: ka nemi na kanka da guminka, ka raba da wasu, ka riƙa ambaton Ubangiji. Gwama yoga da kirtan ya bazu ne ta hannun Yogi Bhajan, wanda ya kafa ƙungiyar 3HO a Amurka a 1969, almajiransa Turawa masu farin rawani. Dattawan Fanjab da na zauna da su ba sa lissafa ta cikin ibada.

Ni ma na yi malami irin naka. Ƙarfe tara ya kwanta, ba taba ba giya, ga cin abinci kamar na tsuntsu. In ɗalibi ya ɓata masa rai sai ya yi shiru ya ja numfashi, mu muna dariya a ɓoye, amma shekara uku ban ji ya ɗaga murya ba. Sai na kai masa tsarabar kilishi, ina ganin na yi gwaninta. Ya yi godiya ya mayar mini: shi ba ya cin nama, kuma wanda ya ɗauki alkawarin Khalsa, wato na riƙon addininsu sau da ƙafa, an hana shi naman yanka irin namu. Kai wa naka malamin dabino.

In ka je gurdwara, wato wurin ibadarsu, cire takalmi, rufe kanka, hularka ma ka ɗora mata ƙyalle in sun ba ka. Kada ka shiga da sigari ko a aljihu, kada ka miƙe ƙafa wajen littafin. Za ka ga suna kai goshi ƙasa a gabansa. Kai zauna gefe da ladabi, ba wanda zai tilasta maka. Bayan nan akwai langar, abincin kyauta, kowa a ƙasa, ba nama a ciki. In sun miƙo gurasa, da hannu biyu ake karɓa.

Tunda takun ƙafar malaminka ke tashe ka, sallar asuba ba ta da dalilin wuce ka. Innarka na gaishe ka.

Kawunka