Dillali ya ce zai maka ni kotu kan akwatin injin ban ruwa mai sola

Barista, barka da aiki. Ni mai gyaran lantarki ne a Argungu. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 manoman shinkafa na fadama suka fara komawa injin ban ruwa mai aiki da sola. Akwatin da ke sarrafa wutar ne ke yawan ƙonewa, sabo kuwa tsada. Na kwance wani da ya lalace, na gane kansa, na fara haɗa nawa da kayan da nake sarowa a Kano. Yanzu wani dillali ya aiko mini cewa wani kamfanin Jamus ne ke da mallakar fasahar, in ban daina ba sai kotu. In rufe shago ne? Kuma da gaske ne da irin wannan takardar mallakar Turawa ke hana mu fasahar sola?

Malam, kada ka rufe shago tukuna. Ka fara da tambayar dillalin abu ɗaya, a rubuce: lambar takardar mallakar ƙirƙirar da aka bayar a Najeriya, da ranar da aka shigar da buƙatarta.

Dalili kuwa, wannan takarda ba ta tsallake iyaka. Wadda Jamus ta bayar a Jamus take aiki, ba ta da ƙarfi a Argungu. Wanda yake son kariya a nan dole ya yi rajista a ofishin da ke Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari, bisa dokar ƙirƙira da zane ta 1970. Kuma akwai wa'adi: wata 12 daga ranar da ya fara shigarwa a ƙasarsa, ko wata 30 in ya bi ta yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan rajistar ƙirƙira, wato PCT, da Najeriya ta shiga a 2005. In wa'adin ya wuce, kayan kuma sun riga sun bazu a kasuwa, shi ke nan, bakin alƙalami ya bushe, don doka ba ta ba da mallaka a kan abin da duniya ta riga ta sani. Kamfanoni da yawa ba sa ma wahalar da kansu da rajista a ƙasashenmu.

To, a ce ya kawo lambar. Har yanzu da sauran magana. Takardar shekara 20 take yi daga ranar shigarwa, kuma kowace shekara ana biya mata kuɗi. In aka daina biya, bayan rangwamen wata shida ta mutu. Sannan ofishinmu na Abuja cikar takardu kawai yake dubawa, ba ya binciken ko abin sabo ne da gaske. Dokar da kanta ta ce ana bayar da takardar ne ba tare da tabbacin ingancinta ba. Don haka kana iya roƙon Babbar Kotun Tarayya, wadda take da reshe a Birnin Kebbi, ta soke ta in ka nuna an san wannan dabara tun kafin a shigar da ita. Wannan kotun ce kaɗai ke da hurumin irin wannan shari'a. Ba aikin caji ofis ba ne, kada wani ya tsorata ka da ɗan sanda. Shi ma dillalin, sayar da kayan kamfani bai mai da shi mai haƙƙi ba.

Gyaran akwatin da manomi ya saya ta halal a Najeriya, wannan babu laifi. Haɗa sabo don sayarwa ne zai zama matsala, shi ma sai in takardar na raye kuma naka ya ɗauki ainihin abin da aka lissafa a cikinta. Kama da wane ba ta wane.

Inda na fi jiye maka tsoro daban ne. In ka manna sunan kamfanin ko tambarinsa a jikin akwatinka, ko ka yi masa fenti da fasali yadda manomi zai ɗauka nasu ne, ka shiga wata dokar, har da ta jabun kaya, kuma nan ne ɗan sanda ke iya shigowa. Haka in ka kwafe manhajar da ke cikin ƙwaƙwalwar na'urar ka zuba a taka: dokar haƙƙin mallaka ta 2022 na kare manhaja ko ba a yi mata rajista ba. Ka sa sunan shagonka da lambar wayarka ɓaro-ɓaro.

Tambayarka ta biyu an daɗe ana kai ruwa rana a kanta a tarukan sauyin yanayi. Ƙasashe masu tasowa na kafa hujja da maganin ƙanjamau, wanda mallaka ta sa ya gagari talaka har aka kai ga sanarwar Doha a 2001, inda Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta amince kada mallaka ta hana ƙasashe kare lafiyar jama'arsu. Ni dai a ganina sola ba haka take ba. Magani sau da yawa sinadari ɗaya ne a hannun kamfani ɗaya. Farantin sola kuwa tun 1954 aka ƙera shi a Amurka, takardun asali sun daɗe da mutuwa, yau sama da kashi 80 cikin ɗari a China ake yin sa, farashinsa ya faɗi warwas. Abin da ya fi riƙe mu shi ne jari, da canjin dala, da sirrin ƙira da ba a rubuta shi a kowace takarda. A sabbin batura da wasu na'urorin zamani kam, mallaka na iya zama shinge na gaske, ban musa ba.

Ko a nan doka ta bar ƙofa. Bayan shekara 4 da shigarwa ko 3 da bayarwa, wanda ya fi nisa, kotu na iya ba ka lasisin dole in mai takardar ba ya ƙera kayan a Najeriya ko bai wadatar da kasuwa cikin sauƙi ba, muddin ka nuna ka nemi izininsa an gagara daidaitawa. Sai dai hanya ce mai cin kuɗi da lokaci, ta fi dacewa da ƙungiyar masu sana'a a kan mutum ɗaya.

Kafin amsar dillalin ta iso, ka adana saƙonsa, da rasit ɗin kayan da kake sarowa, da hoton cikin akwatinka gefe da nasu. Kada ka sa hannu a kowace takarda ta cewa ka amsa laifi. In lambar ta zo, ka kai wa lauya ya bincika ta a Abuja kafin ka ce masa uffan.