Amsa kan sarautar Duke na Norfolk

Malam, ka tambayi dalilin da ya sa Duke na Norfolk, wani babban basarake a Ingila, ya shirya bikin naɗin Sarki Charles a 2023. Aikin shirya irin wannan biki gadon gidansu ne tun 1672, har da jana'izar sarakuna.

Ita kuwa sarautar Duke ta shiga gidansu, wato gidan Howard, a 1483, lokacin da Sarki Richard na Uku ya naɗa John Howard, wanda aka kashe a yaƙin Bosworth a 1485. Gidan ya sha wuya ƙwarai. Sarauniya Elizabeth ta Farko ta sa an fille kan Duke na huɗu a 1572, sarautar ba ta dawo musu ba sai 1660. Abin da ya fi burge ni, duk da tsangwamar da Katolika suka sha a Ingila, yawancin 'yan gidan Howard ba su bar ɗariƙar Katolika ba. Edward Fitzalan-Howard na yanzu shi ne na 18.