Ga ƙanenmu da aka ce ya ba da sunansa a kwantena: ofishin jakadanci ba zai ɓoye ka ba

Ƙanenmu, mun ga tambayarka. Ka ce ka samu gurbin karatu a waje, sai wani ɗan kasuwa ya nemi idan ka isa ka riƙa taya shi turo kaya gida, motoci da kayan gini, da sunanka a takardu, shi kuma ya riƙa ba ka lada a kan kowace kwantena. Da ka tambaye shi idan aka samu haramtaccen abu a ciki fa, kamar makamai, sai ya ce ka ruga ofishin jakadancinmu, ai nan ƙasarmu ce, ba mai iya taɓa ka. Amsarmu ita ce kada ka yarda. Maganar da ya gaya maka rabinta gaskiya ne, kuma wannan rabin ne ke kai mutane kurkuku.

Gaskiyar da ke ciki ita ce Yarjejeniyar Biyena ta 1961 kan hulɗar jakadanci, a sashe na 22, ta hana jami'an ƙasar da ofishin yake shiga harabarsa sai da izinin shugaban ofishin. Iyakarta ke nan. Ba ta ce filin ya zama ƙasar masu ofishin ba. Laifin da aka yi a cikin harabar, a idon doka, a ƙasar masu masauki aka yi shi. Sammacin da kotu ta bayar a kanka yana nan daram, 'yan sanda kawai ba za su tsallaka ƙofa su zartar da shi ba. Sashe na 41 kuma ya wajabta wa jami'an ofishin mutunta dokokin ƙasar da suke zaune, ya hana amfani da harabar ta hanyar da ta saɓa wa aikin jakadanci. Saboda haka jakada ba shi da wani haƙƙi na ɓoye wanda ake nema da laifin fasa-ƙwaurin makamai, kuma izinin shiga a hannunsa yake. Ran da gwamnatinsa ta ga riƙe ka ya fi sakinka tsada, zai buɗe ƙofa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A watan Oktoba na 2010 jami'an tsaro suka buɗe kwantena 13 a tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. A takarda an rubuta kayan gini ne, a ciki kuwa rokoki ne da gurneti da harsasai, an lodo su daga Bandar Abbas a Iran, ana shirin sake tura su Gambiya. Iraniyawa biyu da ake nema suka shige ofishin jakadancin ƙasarsu a Abuja. Najeriya ba ta fasa ƙofa ba. Ta matsa ta hanyar diflomasiyya, ta kai rahoto Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, domin ƙuduri mai lamba 1747 na 2007 ya haramta wa Iran fitar da makamai. Ministan harkokin wajen Iran na lokacin, Manouchehr Mottaki, ya zo Abuja da kansa a watan Nuwamba. Daga nan aka ba jami'an Najeriya damar kai wa ga ɗaya daga cikinsu, Azim Aghajani, aka gurfanar da shi tare da 'yan Najeriya uku. Ɗayan yana da rigar kariya ta diflomasiyya, ya bar ƙasar. A watan Mayu na 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ɗaure Aghajani da ɗan Najeriya ɗaya shekara biyar-biyar. Gambiya ta yanke hulɗa da Iran tun a Nuwamban 2010, Senegal ta bi sahu a Fabrairun 2011.

Ka dubi wanda ya tsira da wanda bai tsira ba. Mai rigar kariya ya hau jirgi. Wanda ba shi da ita, ko da yake ɗan ƙasar masu ofishin ne kuma yana cikin harabarsu, sun sallama shi cikin makonni. 'Yan ƙasa da sunayensu suka fito a harkar fitar da kayan kuwa ba su da ko inda za su ruga. Kai a cikin tsarin da ɗan kasuwar nan ya kawo maka, kana sahu na ukun ne.

Rigar kariya ma mutane na yi mata mummunar fahimta. Ba fasfo ne ke ba da ita ba, ko da ja ne ko na aikin gwamnati. Sai ƙasarka ta sanar da ma'aikatar harkokin wajen masu masauki sunanka a matsayin jami'in ofishinta, su kuma sun karɓa. Ɗalibin da gwamnati ta ɗauki nauyinsa ba shi da ita. Direba ko tafinta da aka ɗauka aiki a can, in ɗan ƙasar ne ko mazaunin dindindin, ba shi da komai sai abin da masu masauki suka ga damar ba shi. Manyanmu suna tune da batun Umaru Dikko a watan Yuli na 1984, lokacin da aka sace shi a Landan aka sa shi a akwati za a loda a jirgi a filin Stansted. Jakar diflomasiyya ba a buɗe ta ba a tsare ta, haka sashe na 27 ya ce, amma da sharaɗin tana ɗauke da alamomin da ke nuna matsayinta a fili. Akwatin bai cika sharaɗin ba, kwastam suka buɗe. Ɗan Najeriyar da aka kama cikin waɗanda suka sace shi ya ce shi jami'in diflomasiyya ne, kotu ta ce ba a yi masa rajista da hukumomin Birtaniya ba, aka ɗaure shi tare da Isra'ilawa uku. Najeriya da Birtaniya suka yi kusan shekara biyu ba manyan jakadu a tsakaninsu.

To a ce ma jakada ya tausaya ya bar ka ciki, me ya biyo baya? Fita daga ƙasar na buƙatar masu masauki su ba da izinin wucewa lafiya, kuma ba dole ba ne su bayar. Kotun Duniya ta tabbatar da haka a 1950 a shari'ar Kolombiya da Peru, inda ɗan siyasar Peru Haya de la Torre ya shafe shekara biyar a ofishin jakadancin Kolombiya a Lima. Manyan jami'ai biyu na Derg, tsohuwar gwamnatin soja ta Habasha, sun shiga ofishin jakadancin Italiya a Addis Ababa a 1991, ba su fito ba sai ƙarshen 2020. Julian Assange, wanda ya kafa shafin fallasa bayanan sirri na WikiLeaks, ya zauna a ofishin Ekwado a Landan daga 2012 zuwa 2019, ranar da gwamnatin Ekwado ta janye mafakar kuwa ita ce ta gayyato 'yan sanda ciki. A watan Afrilu na 2024 'yan sandan Ekwado ma sun kutsa ofishin Meziko a Kito suka fito da tsohon mataimakin shugaban ƙasa Jorge Glas, Meziko ta yanke hulɗa nan take, amma shi dai ya koma kurkuku. Duk waɗannan manyan mutane ne da gwamnatoci suka yarda su ɓata da juna a kansu, kuma akasarinsu da hujjar siyasa suka shiga. Mafaka a ofishin jakadanci al'ada ce da ta fi ƙarfi a Latin Amurka, inda suke da yarjejeniyar Karakas ta 1954, ita ma don masu matsalar siyasa aka yi ta. Ko Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951 ta cire wanda ake da ƙwaƙƙwarar hujjar ya aikata babban laifi da ba na siyasa ba.

Yanzu ga abin da ya fi damun mu, wato takardu. Kowace kwantena tana da takardar lodin jirgi, a kanta akwai sunan mai turowa da sunan mai karɓa. Idan aka buɗe aka ga bindiga, waɗannan sunaye biyu ake fara bi, sai ejan da ya cike takardun kwastam, sai asusun bankin da aka biya kuɗin jirgi daga ciki, sai lambar wayar da aka kama gurbin lodin da ita. Wanda ya san abin da ya cusa a ciki ba ya barin sunansa a ko ɗaya, shi ya sa yake neman naka. A Amurka duk tsohuwar motar da za a fitar sai an shigar da bayananta a na'urar kwastam, an kuma gabatar da takardar mallakarta aƙalla awa 72 kafin a fitar da ita, saboda haka sawunka a rubuce yake tun kafin jirgi ya tashi. Masu wannan harka a cikin ƙofofin mota suke ɓoyewa, da ƙarƙashin kujeru, da ramin tayar safaya, da cikin firji ko durom na kayan abinci, wani lokaci a warware bindigar a raba sassanta wuri-wuri. Kai da ba ka tsaya a wurin lodi ba, ba ka ga an ɗaura hatimin kwantena ba, ba ka rubuta lambarsa ba, da me za ka nuna wa alƙali ba ka sani ba? Saƙon da aka ce maka "ga ladanka" a WhatsApp shi mai gabatar da ƙara zai karanta a kotu.

Kuma kada ka ɗauka sai cikakkiyar bindiga ce makami. Harsashi ko guda ɗaya, gidan harsashi, wasu madubban saitin bindiga, tabaran gani da dare, rigar sulke, wasu jirage marasa matuƙi, duk suna cikin kayan da ƙasashe da dama ba sa bari a fitar sai da lasisi. A Amurka karya dokar fitar da kayan yaƙi na iya kai mutum ɗaurin shekara 20, kuma mai bizar karatu doka ta hana shi mallakar bindiga ko harsashi sai a wasu keɓantattun yanayi, kamar in yana da lasisin farauta. A Birtaniya babban mutum da aka kama da haramtacciyar bindiga mafi ƙarancin hukuncinsa shekara biyar ne, har feshin barkono da 'yar na'urar jan lantarki da ake ɗauka don kare kai haramun ne a can. A ɓangaren Najeriya, kayan tsaro irin su rigar sulke, kakin soja da jirage marasa matuƙi sai da takardar shaidar mai amfani da kayan daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kuma ta haramta shigo da ƙananan makamai yankin sai gwamnati ta nemi izini na musamman. Kwantenonin bindigogi da aka kama a Legas a 2017, waɗanda aka lodo daga Turkiyya, har sai da suka sa hukumomin Najeriya zama da jakadan Turkiyya.

Ko da kayan halal ne tsaf, ladar da za ka karɓa matsala ce. Bizar karatu ta Birtaniya ta hana sana'ar kai da kasuwanci gaba ɗaya, aikin albashi ne kawai aka yarda, awa 20 a mako lokacin karatu ga masu digiri. Ta Amurka ta hana aiki a wajen makaranta ba tare da izini ba. Wannan kaɗai ya isa a soke bizarka.

Akwai abin da ofishin jakadancinka zai iya yi maka, kuma ya kamata ka san shi kafin ka tashi. Sashe na 36 na Yarjejeniyar Biyena ta 1963 kan hulɗar ƙaramin jakadanci ya ba ka haƙƙin a sanar da jami'in ƙasarka ba tare da jinkiri ba idan an kama ka. Ka faɗa da bakinka, ka nemi a rubuta cewa ka nema. A Amurka, 'yan Najeriya da 'yan Gana na cikin waɗanda dole a sanar da ofishinsu ko ba su nema ba. Jami'in zai iya ziyartarka, ya sanar da danginka in ka amince, ya nuna maka lauyoyi, ya yi magana in ana cutar da kai, ya ba ka takardar tafiya ta gaggawa in an kore ka ko fasfonka ya ɓata. Ba zai fito da kai ba, ba zai tsaya maka beli ba, ba zai hana shari'a ba. Kafin lauya ya zo kada ka ba da bayani, kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimci harshenta ba, ka nemi tafinta, kada kuma ka goge komai daga wayarka, domin gogewar kanta na iya zama laifi kuma saƙonnin nan su ne za su iya nuna wanda ya shirya lodin. Wanda ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar da yake zaune, sau da yawa hukumomin can ba sa sauraron jakadan ƙasarsa ta asali a kansa.

Idan rikici irin wannan ya ɓarke tsakanin ƙasarka da inda kake karatu, ko ba ruwanka zai iya shafarka. Ana korar jami'ai, wani lokaci a rufe ofis, sabunta fasfo ya tsaya, biza ta yi wuya. In aka yanke hulɗa, wata ƙasa ta uku ce ke riƙe harkokin 'yan ƙasa, kamar yadda Suwizalan ke kula da na Amurka a Iran tun 1980. Saboda haka da ka isa ka yi rajista da ofishin jakadancinka, ka fara sabunta fasfo tun saura wata shida ko fiye, ka ajiye kwafin fasfo da biza da takardar makaranta a wurin wani amintacce a gida.

Shi kuwa ɗan kasuwar, ba sai kun yi faɗa ba. Ka gaya masa bizarka ta hana ka kasuwanci, ka nuna masa cewa akwai kamfanonin tura kaya masu rajista da ke karɓar lodi da sunan mai kayan ko da yana zaune a gida, ya aika musu takardun kamfaninsa su yi masa komai. Idan akwai kwafin fasfonka da ka riga ka tura masa, ka rubuta masa saƙo yau cewa ba ka amince a yi amfani da sunanka a kan kowane kaya ba, ka ajiye saƙon da amsarsa.