Tambaya da Amsa: Me ya kayar da Damar Hamlin a fili?

Tambaya: Likita, ɗana yana buga ƙwallo a makaranta. An turo mini bidiyon wani ɗan wasan ƙwallon zari-ruga ta Amurka da ya yanke jiki ya faɗi ana tsaka da wasa, wai allurar korona ce ta kayar da shi. Hankalina ya tashi. Mene ne gaskiya?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki. Sunansa Damar Hamlin, ɗan bayan ƙungiyar Buffalo Bills a lokacin, yana nan da ransa, har ya koma wasa. Ranar 2 ga Janairun 2023 suna karawa da Cincinnati Bengals, ya tare Tee Higgins, aka buge shi a ƙirji, ya miƙe tsaye, sai ya zube ta baya. Likitocinsa sun ce bugun ya sauka saitin zuciya a ɗan mitsitsin lokacin da take shirin bugawa ta gaba, sai ta koma karkarwa ba ta tura jini. Likitoci sun san wannan a tsakanin matasa masu lafiyayyar zuciya shekaru aru-aru kafin korona. Masu yaɗa maganar allura ba su taɓa duba lafiyar Hamlin ba.

Abin da ya cece shi danna ƙirji ne nan take, da na'urar AED mai dawo da bugun zuciya da lantarki. Mu kuwa da mutum ya faɗi sai a ce suma ce, a sheƙa masa ruwa, a yi ta fifita, wani ya cusa cokali a baki wai kada haƙora su datse, wani ya shaƙa masa albasa, sannan a kinkime shi a nemi adaidaita sahu. Wallahi wannan al'ada tana cin rayuka. Cokali haƙori yake karyawa, ruwan da aka ɗura kuma huhu yake tafiya. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 babu jini, kafin a kai asibiti an makara. Kuma kada ɗan kakarin da yake yi jefi-jefi ya ruɗe ki, wannan ba numfashi ba ne.

Idan mutum ya faɗi, aka girgiza shi bai amsa ba, kuma ba ya numfashi daidai, a kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. Ɗora tushen tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗaya hannun a kai, gwiwar hannu a miƙe. A danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti, ana barin ƙirjin ya taso. Wani ya nemo mota da ma'aikacin lafiya. A riƙa canjin hannu duk minti 2, domin mai gajiya dannawarsa ba ta shiga. Haƙarƙari na iya karyewa, a ci gaba.

Kan wannan Hamlin ya mayar da hidimarsa. Tun 2020, yana ɗalibi a Jami'ar Pittsburgh, ya buɗe asusun sayen kayan wasa ga yaran garinsu, McKees Rocks, yana neman dala 2,500. Bayan faɗuwarsa jama'a suka tara masa miliyoyin daloli. Gidauniyarsa Chasing M's tana zagaya birane tana koyar da danna ƙirji, tana raba AED ga ƙungiyoyin wasan yara, ya kuma je majalisar Amurka ya mara wa dokar tallafa wa makarantu da na'urar baya, wadda aka sa wa hannu a Disamban 2024.

Ki je makarantar ɗanki ki tambayi malamin wasanni ko an koya masa danna ƙirji. In ba a koya masa ba, ki kai maganar taron iyaye da malamai, a gayyato ma'aikacin jinya ya koyar da shi da manyan ɗalibai.