Ƙanena na son koyon nutso a Bahar Maliya: in biya masa?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, ina sarin jallabiya da abaya daga Alƙahira. Ƙanena ya gama karatu a Masar, yanzu yana so in biya masa kuɗin koyon nutso da tukunyar iska a garin Dahab. Wata cibiya ta ce in an biya kuɗin gaba ɗaya za ta kai shi daga farko har ya zama malami cikin 'yan watanni. Shi kuma ya ce da takardar zai samu aiki a kamfanonin mai na Fatakwal. Ta yaya zan gane malamin kirki, kuma kuɗin zai dawo?

Amsa: Alhaji, kafin ka cire ko dala ɗaya, ku zauna da shi ku tantance sana'ar da yake nema, domin abu biyu ya haɗa a maganarsa. Abin da ake koyarwa a Dahab nutson yawon buɗe ido ne. Takardunsa suna fitowa daga ƙungiyoyi irin su PADI, wadda aka kafa a Amurka a 1966, da SSI, da CMAS. Mai wannan takarda aikinsa raka baƙi su ga murjani da kifaye, ko koyar da su. Aikin kamfanonin mai a teku, wato walda a ƙarƙashin ruwa da duba bututu da gyaran ƙafafun rijiya, hanya ce daban. A can mai nutso yana sanye da kwalkwali, iska tana zuwar masa ta tiyo daga saman jirgi, ana magana da shi ta waya. Manyan kamfanonin suna bin ƙa'idojin IMCA, ƙungiyar kamfanonin aikin teku ta duniya, suna neman takardun da ta amince da su, kamar ta HSE ta Birtaniya, ADAS ta Ostireliya, DCBC ta Kanada, ko mataki na biyu na Afirka ta Kudu. Ko da ƙaninka ya zama malamin PADI, wannan katin ba zai shigar da shi aikin rijiyar mai ba. In Fatakwal yake hange, kuɗin Dahab ba su kan hanyarsa, kuma gara ya fara da iya walda ko kanikanci a tudu, don hannun sana'a ake saya a ƙarƙashin ruwa.

In kuwa yawon buɗe ido yake so, kuɗin farko na likita ne. Ana cike takardar lafiya kafin a shiga ruwa, amma kada ya tsaya ga tambayoyin takarda kawai. Ya je a duba huhu da zuciya da kunne. Asma, farfaɗiya, da huhun da ya taɓa sacewa duk suna iya hana mutum nutso. A wurinmu akwai ƙarin abu, wato sikila: mai ciwon sikila ba ya nutso, mai ɗauke da rabinta kuma ya gaya wa likitan da ya san harkar. Sai iyo: kafin a ba shi katin farko na PADI dole ya yi iyon mita 200 ba tsayawa, ko mita 300 da gilashin fuska da takalman iyo da bututun numfashi, ya kuma zauna a saman ruwa minti 10 ba tare da ya riƙe komai ba. In bai iya ba, ya koya a tafkin wanka a Alƙahira, inda ya fi araha.

Game da tayin biyan komai a dunƙule, ban ba ka shawarar ka karɓa ba. Matakan a jere suke, kuma kowane yana da farashinsa. Na farko, Open Water Diver, yana ɗaukar kwana uku zuwa huɗu: karatu, darasi biyar a ruwa marar zurfi, nutso huɗu a teku, iyakarsa mita 18. Na biyu, Advanced, nutso biyar ne, ya kai shi mita 30. Sai Rescue Diver, koyon ceto, wanda ke buƙatar shaidar taimakon gaggawa da ba ta wuce wata 24 ba. Divemaster shi ne matakin farko na sana'a: shekara 18, nutso 40 a rubuce kafin farawa, 60 kafin a ba shi kati. Don zama malami sai ya yi aƙalla wata shida da katin farko, ya tara nutso 100, ya ci jarrabawar da ma'aikatan PADI suke yi da kansu, ba cibiyar ba. Ka biya mataki na farko kaɗai. Akwai mutane da dama da sai sun shiga suke gane kunnensu ba ya jure zurfi, ko tsoro ya hana su cire gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa. In hakan ta faru bayan ka biya duka, da wuya kuɗin su dawo.

Zaɓen malami shi ne inda ya kamata ku fi daɗewa, domin katin iri ɗaya ne a ko'ina, koyarwar ce ta bambanta. Ya tambayi lambar malamin ya duba a shafin ƙungiyar ko an sabunta ta a bana, don duk shekara ake sabuntawa. Cibiyar kuma ta kasance mai lasisi daga ma'aikatar yawon buɗe ido ta Masar, tana cikin jerin CDWS, hukumar da ke sa ido kan cibiyoyin nutso a ƙasar. Ya tambayi ɗalibai nawa ne a hannun malami ɗaya. Ƙa'idar PADI ta yarda har takwas a teku, amma takwas sun yi wa sabon shiga yawa. Huɗu ko ƙasa da haka ya nema, ko da zai ƙara kuɗi. Sayen nagari mai da kuɗi gida.

Ya nemi a bar shi ya kalli darasi ɗaya kafin ya biya. Malamin kirki za ka ga ya sa ɗalibi ya haɗa kayansa da hannunsa, ya buɗe tukunya, ya ja numfashi ta na'urar baki yana kallon allurar ma'auni. In allurar tana rawa, bawul ɗin bai buɗe sosai ba. Zai sa ɗalibi ya maimaita fitar da ruwa daga gilashin fuska har ya daina firgita, ba sau ɗaya a wuce ba. Zai ɓata lokaci kan tsayuwa a tsakiyar ruwa. Malamin da ke ɗaura wa ɗalibai dalma mai yawa don su zauna a ƙasa kan gwiwa yana sauƙaƙa wa kansa aiki ne, ɗalibansa kuma su fita suna tattake murjani suna shanye iska da wuri.

Kuma ya saurari ko malamin yana bayyana dalilin kowace doka. Kowace mita 10 tana ƙara matsi daidai da na iskar duniya. Wanda ya cika huhunsa a mita 10 ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta ninka biyu kafin ya iso sama, huhu na iya fashewa. Tasowa da sauri kuma yana sa naitirojin da ya narke a jiki ya zama kumfa a jini da gaɓoɓi. Shi ya sa ake tasowa a hankali, a tsaya minti 3 a mita 5, a fito allurar ma'auni tana nuna saura 50 a tukunyar da aka cika zuwa 200, kuma ba a hawa jirgin sama sai bayan awa 18 in an yi nutso da yawa. Ya duba ko akwai tukunyar iskar oksijin a motar ko jirgin cibiyar, ya tambayi inda ɗakin matsin iska mafi kusa yake, wato inda ake jinyar wanda wannan kumfa ta kama, ya kalli hatimin gwaji a wuyan tukunya. Iskar da ke warin mai ko hayaƙi alama ce ba a canza matatar injin cikawa. A Dahab akwai ramin nan da ake kira Blue Hole, mai wata kafa a zurfin kusan mita 55, inda mutane da yawa suka rasu. Duk malamin da ya yi wa sabon ɗalibi tayin wuce iyakar katinsa, ya bar wurinsa a ranar.

Sai lissafi. Ka nemi farashi a rubuce, a fayyace ko ya haɗa da littattafai, kuɗin kati, hayar kaya, mota, da kuɗin shiga wuraren da aka killace. A matakin sana'a akwai kuɗin jarrabawa, kuɗin sabunta rajista duk shekara, inshorar haɗarin nutso irin ta ƙungiyar DAN, da kayan kansa, don cibiyoyi ba sa son ma'aikaci mai haya. A farko gilashin fuska da takalman iyo kaɗai zai saya. Agogon nutso, mai nuna zurfi da lokaci a ƙarƙashin ruwa, ya biyo baya.

Kada ka sa rai uwar kuɗin ta dawo da wuri. Albashin Divemaster ƙanƙane ne, wasu ma aiki suke yi a madadin horo. Baƙo a Masar yana buƙatar izinin aiki, kuma cibiyoyi sun fi ɗaukar mai jin harshen masu zuwa, wato Turanci, Jamusanci, Rashanci ko Italiyanci. Kasuwar kuma tana bin yawon buɗe ido: bayan faɗuwar jirgin Rasha a Sinai a 2015, baƙi sun ƙaurace wa Sharm el-Sheikh na tsawon shekaru. Don haka kada kuɗin su fito daga jarin kanti ko daga bashi. Ka ware su daga riba, ku rubuta yarjejeniya: kai za ka biya har Rescue Diver, mataki bayan mataki, ya riƙa turo maka hoton katinsa da littafin nutsonsa mai sa hannun malami. Kuɗin Divemaster kuma sai ya kawo sunan cibiyar da ta ce a rubuce za ta ɗauke shi, da adadin da za ta riƙa biyansa a wata.