Amsa ga ƙanena na Jos kan sifirin ɗin bindigar gasa

Ƙanena, ya sanyin Jos? Na ga saƙonka. Ka ce ka samu gurbin karatu a nan Amurka, kana sha'awar shiga gasar harbi da fistol, kana tambaya ko sifirin mai fam 10 ya fi ko mai fam 13 (fam a nan ma'aunin ƙarfin sifirin ne). Zan ba ka amsa, amma akwai maganar da ta riga wannan, don Allah ka riƙe ta da kyau.

Da bizar ɗalibi za ka shigo, wato F-1. Dokar tarayya ta hana mai irin wannan biza riƙe bindiga ko harsashi, ko da haya ya karɓa a filin harbi, sai in ya cika ɗaya daga cikin sharuɗɗan da aka keɓe. Wanda aka fi bi shi ne lasisin farauta na wata jiha. Dillali kuma ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba fistol, jami'o'i da yawa sun hana shiga da ita harabarsu. Wanda ya yi sakaci a nan, kurkuku ne da kora, karatun ya tashi a banza. Ka tambayi lauya kafin ka taɓa komai. Batun komawa da ita gida kuwa ka cire shi daga ranka, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa.

To, sifirin. Idan harsashi ya fita, saman bindigar yakan zame baya ya tofar da kwanso, sifirin ne ke tare shi ya dawo da shi gaba, ya kwaso sabon harsashi ya rufe. Aikinsa kamar na shokozoba ne a hanyar Akwanga: ya yi tauri mota ta riƙa tsalle, ya yi laushi ƙarfe ya bugi ƙarfe.

Idan sifirin ya fi ƙarfin harsashinka, saman zai dawo da ƙarfi har bakin bindigar ya duƙa ƙasa, saitinka ya sauka daga inda ka ajiye shi, wani lokacin kwanso ya maƙale. Idan ya yi laushi da yawa, saman zai riƙa dukan jikin bindigar, ko ya kasa rufewa sarai. A fistol ƙirar Glock wannan ya fi damuna, domin sifirin ɗin allurar da ke dukan harsashi yana ja ne saɓanin nasa, mai laushi sosai kan bar bindigar ba ta rufu ba.

Shi ya sa ba zan zaɓar maka lamba ba tun ba ka san harsashinka ba. A gasar USPSA, ƙungiyar gasar harbi ta Amurka, ana ninka nauyin harsashi da gudunsa a raba da 1,000 don a san ƙarfinsa. Mafi ƙaranci 125 ne, babban mataki 165. Harsashin 9mm mai nauyin giren 124 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne) da ke gudun ƙafa 1,050 a daƙiƙa ya ba da 130, bai da zafi, shi ya sa 'yan gasa ke rage sifirin. Fistol ƙirar 1911 mai cin harsashin .45 tana zuwa da sifirin mai fam 16, Glock 17 da kusan 17, masu gasa da Glock ɗin sukan sauka zuwa 13 ko 15.

Ni dai shawarata, watannin farko ka bar wanda kamfani ya saka, kuɗin ka kashe su a kan darasin kiyaye haɗari da harsashin atisaye. Idan hannunka ya zauna, ka sayi uku masu bambancin fam ɗaya ko biyu, ba su da tsada. Ka gwada su da harsashi iri ɗaya, kana harbi biyu a jere, ka duba wanne ne ke dawo da saiti daidai inda ya tashi. Ka sa wani ya ɗauke ka bidiyo daga gefe. Wanda ka zaɓa, ka gwada shi kuma bayan bindigar ta yi datti, domin a nan mai laushi ke fara gardama. Ka rubuta lambar kowanne a jikin ledarsa, da ido ba a bambanta su.

Ka gaishe min da su Hajiya, ka kuma turo min sunan jihar da jami'ar take, in duba maka dokarta.